Yadda Mai Jin Turanci Zai Faɗi Sunan Ɗan Japan Daidai a Gaban Surukinsa

Kai mai Turanci, matso kusa. Ba da wanda ya tsaya a gaisuwar safe nake ba. Da kai nake, kai da in ka buɗe baki a taron biki tsofaffi ke kallon juna suna jinjina kai alhali ba su tsinci komai ba. Ga alkawarina, ka riƙe ni da shi: in ka bi matakan nan yadda na jero su, za ka faɗi kalmar Japananci har ɗan Japan da kansa ya miƙe tsaye ya tafa maka. An gwada, kuma ta ci. Wanda aka gwada a kansa yana nan da ransa a Gwadangaji. Sunansa Malam Abdussamadu, malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, kuma da shi zan riƙa buga maka misali.

Mataki na 1: Samo dalili mai tsoka

Ba wanda ke azabtar da harshensa a banza. Nemi abin da za ka ci a ciki tukuna.

Dalilin Abdussamadu a Argungu yake. Surukinsa, mahaifin matarsa Hanifa, shi ne shugaban wata ƙungiyar manoman shinkafa da gonakinsu suka miƙe har Augie. Sai labari ya zo cewa wani masanin shinkafa daga Japan zai kawo ziyara ya duba fadama, kuma ƙungiya za ta ba da mutum guda a kai shi can ya ga yadda suke noma. Kujera ɗaya ce tal a jirgi, surukin ne kuma zai nuna mai hawanta.

Abdussamadu bai taɓa dasa shinkafa ba. A faranti ya san ta, da miya a kai. Kada irin wannan ya dame ka, ai ba a taɓa raba kujerar jirgi a cikin taɓo ba. Abokin takararsa ma, Yari, mijin ƙanwar Hanifa, shagon cajin waya gare shi a unguwar Nasarawa, kuma duk abin da ya iya faɗa a gaban suruki bai wuce "To, Baba" ba. Abdussamadu ko a lissafi bai sa shi ba.

Yana son tafiyar nan, wallahi har cikin ransa. Ya gaji da ƙurar alli, ya gaji da mai makaranta da ke yi masa tsawa a gaban ɗalibai. Duk abokin karatunsa da zai fita waje, shi ake kira ya riƙe lasifika a walimar bankwana, ya zuba Turanci, a tafa, wani ya hau jirgi, shi kuma ya hau keke napep ya koma gida. Ya ce wannan karon walimar tasa ce.

Af, sunan surukin Riskuwa. Ni na faɗa ne don ba 'yarsa nake aure ba. A Argungu kowa Baban Fadama yake ce masa. Hanifa tun da aka haife ta sunan bai taɓa fita daga bakinta ba, har akwai wani mai kifi a kasuwa da ke da sunan, "mai sunan Baba" take kiransa. Amma wannan bai shafi darasinmu ba, mu ci gaba.

Mataki na 2: Nemi Bature ya koya maka

Wasu marasa kishin ci gabanka za su ce maka wasulan Japananci su ne dai naka na Hausa: a, i, u, e, o, babu lanƙwasa, babu murɗiya. Za su ce su ma suna ja suna taƙaitawa kamar kai. Toshe kunnenka. Ko da gaskiya ne, ina martabar ilimin da ka tarar a cikin gidanku kyauta?

Bi ta Turanci. Abdussamadu ya sayi data, ya nemo wata Baturiya a waya wadda ke koya wa 'yan uwanta Turawa yadda za su daina murɗe "o". Shekara da shekaru ya yi yana murɗe tasa don ta yi kama da ta mutanen Ingila, yanzu kuma ga shi zaune a tabarma, waya a jingine da buta, yana gumin miƙe ta.

Hanifa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Malam, wagga mata mi take koya maka? Ba abin da 'yan aji ɗaya ka rerawa ba ne?"

"Hanifa, ke ba ki san fonetiks ba. Wannan 'a' ɗin daban yake."

"To hwaɗe shi in jiya."

Ya gyara zama, ya buɗe baki, ya ce, "A."

"Allah shi ƙara ilimi," in ji ta, ta koma wajen tukunyarta.

Ka lura da kyau: in iyalinka suka fara yi maka irin wannan addu'a, alama ce ka kama hanya.

Mataki na 3: Daddatsa kowace kalma

Nan sirrin yake. Bature yana hawa kan gaɓa ɗaya ya danne ta, sauran su mutu. Ɗan Japan ba ya haka. Kowace gaɓa da haƙƙinta, ba babba ba yaro. Saboda haka ka ɗaga hannu, ka tafa sau ɗaya a kan kowace gaɓa.

Sunan baƙon da za a yi Tsurumaki. Abdussamadu ya kama shi kamar mahauci da nama: Tsu, tafi. Ru, tafi. Ma, tafi. Ki, tafi. A banɗaki tafi, a bakin rijiya tafi, har maƙwabcinsa ya aiko a tambaya ko sauro ne ya dame su.

Kada ka tsaya a gida. Fita da iliminka titi. Wata safiya a keke napep, a hanyar shiga gari, direba ya yi tsaki ya ce wani mai Yamaha ya kusa goge shi.

"Tsaya," in ji Abdussamadu. "Ba haka ake faɗa ba. Ya. Ma. Ha. Maimaita."

"Malam, ai abin da nic ce ke nan."

"Kai bisa kuskure ka faɗa daidai. Ni da ilimi na faɗa. Maimaita!"

Direban ya maimaita, don fasinja ne, kuma bai riga ya biya ba.

A aji ma abin ya bi shi. Da ma can ɗabi'arsa ce in ya faɗi kalma ya ɗaga hannu ya ce, "Ku maimaita!" Yanzu sai ta haɗu da tafi. Har ta kai in ya ji suna, kowane iri ne, hannunsa ke fara tashi kafin hankalinsa ya iso. Haka ake so. Ilimin da sai ka yi tunani kafin ya fito bai zauna ba tukuna.

Mataki na 4: Sasanta da "ra" da "fu"

"Ra" ɗinsu ba ta gurnani. Harshe ya taɓa dasashi sau ɗaya ya gudu, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta huce.

"Fu" ce mai labari. Baturiyar ta ce kada haƙori ya taɓa leɓe, a dai hura iska a hankali kamar mai fifita kunu da baki. Abdussamadu ya gwada, ya sake gwadawa. Wannan sautin ai ya san shi. Shi ne a bakin mahaifiyarsa in ta ce a zo a sha hura. Shi ne wanda aka yi ta yi masa dariya a kansa lokacin da yake kwaleji a Kano, har ya kankare shi daga bakinsa da ƙyar, ya dawo gida yana gyara wa tsohuwar magana. Ga shi yau ya sayi data an sayar masa da shi.

Abin ya sosa masa rai, ba ƙarya. Ya kashe wayar.

In haka ta same ka, yi abin da ya yi: kada ka gaya wa kowa. Kunna wayar ka ci gaba.

Mataki na 5: Mallaki lasifika

Furuci mai kyau da ba a ji ba, asara ne. Dole lasifika ta zama a hannunka ranar taro.

Abdussamadu ya shirya ya tafi Argungu gaisuwa. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa nesa da shimfiɗa, ya sunkuyar da kai. Ya tarar Yari ya riga shi, yana tsugune a lungu kamar an ajiye buhu. Aka yi gaisuwa, aka tambayi ruwa, aka tambayi albasa, sannan Baban Fadama ya dube shi.

"Kai ka jin Turanci. Ranar da baƙo ya taho, kai za ka yi muna tahinta."

"In sha Allahu, Baba, ba za a ji kunya ba."

"Kai kuma Yari, ka kula da kujeru."

"To, Baba."

Abdussamadu ya fito yana jin kamar an riga an buga masa biza. Mai kujerun roba da mai lasifika, wa za a ba kujerar jirgi?

Da ya koma gida Hanifa na goge masa kwat, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, na san ka. In ka riƙa lasihika mantuwa kake. Gaban Baba ne hwa, ba aji ba."

"Haba Hanifa. Ni za ki koya wa magana?"

Mata kan yi irin wannan gargaɗi. Ka ce to, ka duba ko ta goge wuyan rigar da kyau.

Mataki na 6: Saki sunan

Ranar ta zo. An kafa rumfuna a bakin fadama da hantsi, shinkafa kore shar har iyakar gani. Manoman Augie sun zo, masunta sun zo, mata sun cika rumfarsu, Hanifa da mahaifiyarta a sahun gaba. An ɗaure manyan lasifikoki a kan turaku, irin waɗanda in an yi tari a nan ake ji a tsallaken gulbi. Janareta na ta ruri a baya.

Baƙon ya sauko daga mota. Ɗan dattijo ne siriri, da malafa, sai sunkuyawa yake wa kowa har da direba. Aka ba shi ruwa, aka zaunar da shi kusa da shugaba.

Baban Fadama ya yi maraba da Hausa, ya kira baƙon "Malam Tsurma". Hannun Abdussamadu ya zabura zai tashi, ya danne shi da ɗayan hannun. A ba shi ladansa a nan, ya yi ƙoƙari.

Sai nasa lokacin ya yi. Ya gyara kwat, ya ja numfashi, ya sunkuya daidai gwargwado, ya ce:

"Tsurumaki-san. Yokoso."

Wato Malam Tsurumaki, barka da zuwa. Kowace gaɓa ta fito da haƙƙinta. "Ra" ta taɓa ta gudu. "O" ta miƙe sambal.

Baƙon ya ɗago kai da sauri. Ya miƙe tsaye, ya cire malafa, ya tafa. Ya ce da Turancinsa mai tafiya a hankali, tun da ya baro gida an kira shi da sunaye iri-iri a filayen jirgi, amma sai yau ya ji sunan da mahaifinsa ya bar masa. Abdussamadu ya fassara wannan da kansa, bai rage ko kalma ba, ya ma ɗan ƙara. Rumfa ta ɗauki tafi. Baban Fadama ya gyaɗa kai. Can baya Yari na jan kujera.

Ka ga alkawarina ya cika. Ɗan Japan ya miƙe, ya tafa. Mai hankali a nan yake ajiye lasifika ya nemi wuri ya zauna. Amma kai ba don ka zauna ka sayi data ba.

Mataki na 7: In baƙo ya nemi ramawa, kada ka yi masa rowa

Tsurumaki mutum ne mai ladabi, kuma ladabinsa ne ya jawo komai. Bai zauna ba. Ya ce a ƙasarsu abin kunya ne mai gida ya san sunanka kai ba ka san nasa ba. Ya ji kowa na cewa Baban Fadama, an kuma gaya masa laƙabi ne. Yana roƙon malamin nan mai kyakkyawan baki ya koya masa sunan shugaba na gaskiya, don shi ma ya faɗe shi daidai kamar yadda aka faɗi nasa.

Akwai hanyoyin tsira birjik. Yana iya miƙa lasifika ga wani tsoho sa'an shugaba. Yana iya cewa a nan laƙabin shi ne girmamawa, baƙon da ya fi kowa fahimta. Can ƙasan ransa ma ya ji muryar Hanifa. Amma tafin nan bai gama fita daga kunnensa ba, ga ɗalibi a gabansa, ɗalibin ma daga Japan, ga suna mai gaɓa uku yana jira. Hannu ya tashi kafin hankali ya iso.

"Ris. Ku. Wa."

Tafi uku. Ba Alhaji, ba Baba, don laƙabi yana ɓata lissafin gaɓa.

Baƙon ya sunkuya ya gwada: "Ri-su-ku-wa."

"A'a, a'a! Ka ƙara gaɓa. Ris! Ris-ku-wa! Riskuwa!"

Lasifikokin suka ɗauki sunan suka watsa shi cikin fadama. Masu aiki can cikin ruwa suka miƙe suna waige, su ga wane ne wannan da ke ƙwala wa Baban Fadama kira kamar yaron aike. Baƙon ya sake gwadawa, ya kusa. Abdussamadu ya ji daɗin ci gaban ɗalibinsa, ya juyo ga rumfa, fuska cike da fara'a, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku taya shi! Riskuwa! Ku maimaita!"

Ba wanda ya maimaita.

Janareta kaɗai ke magana. Wani tsoho daga Augie ya ce "Inna lillahi" a hankali. Mahaifiyar Hanifa ta ja gyale ta rufe fuska. Hanifa ta tashi, ta bi ta bayan rumfa, ba ta waiwayo ba. Hannun Abdussamadu na nan a sama, ya rasa yadda zai sauke shi.

Sai Baban Fadama ya gyara zaman rawaninsa, ya dubi mijin 'yarsa, ya ce da murya mai sanyi wadda duk da haka kowa ya ji:

"Na'am, Malam. Ga ni."

Ya ɗan dakata.

"Rabon da a kira ni hakanga tun uwata na da rai. Akwai aike?"

Tsurumaki, da bai san me ke faruwa ba, ya ga shugaba ya amsa, sai ya ɗauka darasi ya yi kyau. Ya sake tafawa, shi kaɗai.

Mataki na 8: Karɓi yabo da hannu biyu

Kada ka zaci za a zage ka. Manya ba sa haka. An zagaya fadama, an duba shinkafa, an ci tuwo da kifi. Abdussamadu ya yi ta fassara da murya kamar ta mai zazzaɓi, gumi ya jiƙa kwat ɗin da aka goge. Duk lokacin yana gaya wa kansa wataƙila tsohon ya ɗauki abin da ya faru a matsayin zafin aiki.

Da aka zo rufe taro, Baban Fadama ya karɓi lasifika.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. Wanga yaro Allah ya ba shi baki. Baƙo da kainai ya shaida. Sunan Japan bai gagare shi ba, sunan Argungu ma bai gagare shi ba. Wanda duk ya kai hakanga ya riga ya gama karatu, aika shi wata ƙasa ɓarnar kujera ce. Wanda bai iya komi ba shi ka buƙatar tahiya. Yari za shi."

Daga can bayan tarin kujeru aka ji, "To, Baba."

"Kai kuma Malam, hwaɗa wa baƙo abin da nic ce. Kuma kahin su tashi, ka koya wa ƙanenka yadda ake hwaɗin sunan mutumen."

Ya fassara. Da bakinsa, da Turancinsa mai kyau, ya sanar da Tsurumaki cewa Yari ne zai je Japan. Baƙon ya yaba da hikimar shugaba, ya kama hannun Abdussamadu ya ce gaskiya ne, furucinsa ba ya buƙatar gyara ko kaɗan.

An yi walimar bankwanar Yari a Nasarawa. Ka san wanda aka kira ya riƙe lasifika. Ya zuba Turanci, an tafa, ya hau keke napep ya koma Gwadangaji. A Argungu kuwa yanzu ba mai kiran sunansa, daga manya har masu kifi. Kada ka ɗauka kara ce ake yi masa. Malam Ku-Maimaita suke cewa.

A kula

Mai wannan darasi tafin ɗan Japan ya yi maka alkawari, kuma ka samu. Bai ce maka biza ba, bai ce jirgi ba, bai ce za a ci gaba da aiko maka da buhun shinkafa daga Argungu in an yi girbi ba. Duk abin da ya biyo baya, ko shirun mata a cikin gida, ko surukar da ke amsa gaisuwarka da ka, ko hoton Yari cikin rigar sanyi da ke shigo maka waya kowace safiya, babu hannunsa a ciki. Mai ƙorafi ya kai wa Baturiyar cikin waya. In kuma ka nace sai ka ga shugaban ƙungiya da kanka, gidan ba ɓoyayye ba ne. Ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama, ai ka san sunansa.